Motarka Ta Fi Ka Jure Rana, Alhaji

To, masu taɓe baki, ku gyara zama. Tun ban ce uffan ba na hango Alhaji ya ɗaga gira, Malam Direba kuma ya soma juya makullin mota a yatsa, alamar "faɗi mu ji ta yau". Maganar da na zo da ita ƙarama ce a ido: wata 'yar aba baƙa, ba ta kai farcen babban yatsa ba, tana maƙale a cikin motarka tana riƙe mata karatu. Masu gyaran waya aisi suke ce wa irinta, samari kuma su ce memori. Abin da nake cewa shi ne, wadda ke cikin mota an yi ta ne ta sha wuta ta sha ƙanƙara ba tare da ta manta abin da aka ba ta ajiya ba, kuma kuɗin da aka ɗora mata ba zalunci ba ne. Na san amsarku tun kafin ku ba ni: "Duk kanwar ja ce, Bature ne ya sake lalubo hanyar cin kuɗinmu." Madalla. Ku riƙe wannan da kyau, akwai ranarta.

Bari in fara da Baba mai Fijo, don shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Ranka ya daɗe, na ji ka. Fijo 504 ɗinka, wadda aka haɗa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ta je Maiduguri ta dawo ba adadi, kuma babu ko ƙwayar memori ɗaya a cikinta. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma Baba, me ya sa labarin yake tsayawa a nan kullum? Ina zancen turin safe lokacin hunturu, yaran unguwa suna guduwa da sun ji ka fito? Ina bakaniken da ke cire kafireto ya sa baki ya hura, ya kankare kwantak da takardar yashi, sannan ya kanga kunne a inji yana juya sukundireba har sai ya ji muryar da ta yi masa? Wannan aikin kunne da sukundireba shi ne aka danƙa wa kwamfuta. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana tartsatsin fulogi sau 100 a kowace daƙiƙa. Kafin kowane tartsatsi sai an duba yawan iskar da ta shiga, da zafin inji, da yadda ka taka totur, a yanke man da za a fesa da lokacin da za a kunna. Jadawalin da ake dubawa ɗin a cikin memori yake zaune. In ya goge, motar ta zama ƙarfen kilo.

Bakanikenmu biren bos yake ce wa akwatin, kamar guda ɗaya ne. Motar zamani tana ɗauke da irinsa gomomi, manyan motocin alfarma har kusan ɗari ko fiye: na giya daban, na birkin da ba ya kulle taya daban, na jakar iska daban, na makulli daban. Kowane da 'yar ma'ajiyarsa. Ramin nan na ƙarƙashin sitiyari da ake soka wa na'urar bincike, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, ba duba yake yi ba, ba kuma aljanu ke gaya masa ba. Mota ce ta rubuta ciwonta ta ajiye, mai rewaya ya zo ya karanta, ya caje ka kuɗin gani.

Yanzu ga Hajiya ta ɗaga hannu: "Ai wayata ma a rana take yini, me ya same ta?" Hajiya, a jaka take yini, kusa da turare. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin salshiyos. Ki ajiye ta a kan dashbod da azahar ki shiga gidan biki, in kin fito za ki tarar ta rufe fuska ta ce sai ta huce. A wani nazari da aka wallafa a 2018, masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka sun ajiye motoci a rana a ranakun da zafi ya haura digiri 38, bayan awa ɗaya suka auna: dashbod ya kai wajen digiri 69. Na ji Sakkwatawa sun fashe da dariya, wai 38 ai sanyin hantsi ne a watan Afrilu. To ku ƙara naku a kai, ku da mutanen Nguru da Agadas. Wannan fa cikin ɗakin mota ke nan, inda mutum ke zama. Ƙarƙashin bonet, kusa da salansa ko a jikin giya, wata duniya ce. Ita memorin mota kuwa ba ta da izinin rufe fuska ta ce sai ta huce, tana tsakiyar wuce tirela a hanyar Zariya.

Saboda haka ne manyan kamfanonin motocin Amurka, Chrysler da Ford da ɓangaren lantarki na General Motors, suka haɗa kai suka fitar da ƙa'idar da ake kira AEC-Q100 a 1994, wadda yau kusan duk mai sayar wa kamfanin mota aisi sai ya bi ta. Ta kasa kayan aji-aji. Na ƙasa yana aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Na gaba da shi ya kai 105, na gaba 125, babban yayansu kuma, wanda ake ɗaurawa a jikin inji, 150. Ruwa yana tafasa a 100, in an manta. Aisin kayan gida na yau da kullum, irin na rediyo da talabijin, daga 0 zuwa 70 aka yi masa alkawari, daga nan kuma sai abin da Allah Ya yi.

Malam mai shakka na gefen dama ya ce, "Dutse ne fa, silikon. Dutse yana mantuwa?" Yana yi, Malam, kuma a nan daɗin zancen yake. Memorin da kwamfuta ke lissafi a cikinta, wadda injiniyoyi ke kira DRAM, wani ma'aikacin IBM mai suna Robert Dennard ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960. Kowane ɗigon bayani a cikinta 'yar wutar lantarki ce da aka tara a wani ƙanƙanin gurbi: in gurbin a cike yake, ɗaya ke nan, in babu komai, sifili. Matsalar ita ce gurbin yana yoyo. Ka ɗauka randuna ne biliyoyi a jere a tsakar gida, duk masu tsattsafo, an sa yaro yana zagayawa yana leƙa kowace: wadda ya tarar da sauran ruwa ya cika ta, wadda ya tarar a bushe ya bar ta. In ya makara, mai ruwa ta tsiyaye, sai ya ɗauka dama can busasshiya ce, saƙo ya canja ke nan. A memori ta gama-gari, zagayen nan dole ya kammala a kashi 64 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Da zafi ya haura digiri 85, yoyo ya ƙaru, sai a rage wa'adin zuwa 32. Wadda ake sa wa mota tana da ma'aunin zafi a cikinta, tana gaya wa kwamfuta ta ƙara sauri, wani lokaci har ninki huɗu. Duk wannan hidima ana yin ta kai kana can kana faɗa da ɗan adaidaita.

Ɗaya nau'in kuma ita ce mai riƙe karatu ko an cire batir, wadda kuka sani a katin waya da filas. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya fito da ita a shekarun 1980. Ita kulle wutar take yi a bayan wani siririn bango, shi ya sa ba ta buƙatar mai zagaye. Amma zafi yana ba wa wutar ƙarfin tsallake bangon, kaɗan-kaɗan. Tun 1889 wani masanin Suwidin, Svante Arrhenius, ya tsara lissafin yadda zafi ke hanzarta irin wannan lalacewa, kuma ƙiyasin da injiniyoyi ke yi a ka shi ne duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurinta. Daga ɗaki mai digiri 30 zuwa dashbod mai 70, ninki huɗu ne a jere: biyu, huɗu, takwas, sha shida. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ake nufi in aka ce kaya yana lalacewa ninki sha shida. Hajiya kuma, filas ɗin nan na hotunan bikin 'yarki da ya shekara biyu a aljihun gaban mota, in da hali a shigo da shi ɗaki yau.

Akwai kuma rowa a ciki, shi ya sa katin waya yake da arha. Don a tara bayani mai yawa a ƙaramin wuri, sai a sa kowane gurbi ya riƙe ɗigo uku maimakon ɗaya, wato dole a bambance matakan wuta takwas a wurin da da can biyu ne kawai, cike ko babu. Mataki takwas a matse suke, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya mai da na biyar na huɗu. Shi ya sa karatun da rai ya rataya a kansa, kamar na tayar da inji da na birki, ake ajiye shi a nau'in da ke da faɗin tazara, mai tsada, mai ɗaukar kaya kaɗan. A kan haka kuma ake ƙara wasu lambobin gadi, dabarar da Richard Hamming ya wallafa a 1950, waɗanda ke gane ɗigon da ya juye su mai da shi daidai kafin kwamfuta ta karanta.

Ba zafin kaɗai ke kisa ba, hawa da saukarsa ma suna yi. Aisi a kan wasu ƙananan ƙwallayen dalma yake zaune a jikin faranti. In aka yi zafi, farantin yana buɗewa ninki biyar ko shida fiye da silikon, in aka yi sanyi ya tsuke. Dalmar da ke tsakani ita ke shan ja-in-ja. Asubar hunturu a Jos, azahar a Bauci, kashe inji, tayar da inji, kullum, shekara goma sha biyar, ga ramukan hanya suna ƙara nasu. Wata rana ƙwallo ɗaya ya tsage. Daga nan sai motar da ke tashi da safe ta ƙi tashi da rana, a kai ta wurin mai rewaya ta tashi lafiya lau a gabansa, ka zama maƙaryaci. Na san wasunku har malami sun nema a kan wannan.

To yaya ake tabbatar da wadda za ta jure? Da azaba. Don aji mai digiri 125, ana ɗebo guda 77 daga rukuni uku daban-daban, 231 ke nan, a sa su a tanderu a digiri 125, suna cikin aiki, awa 1,000, wato sama da kwana 41 ba dare ba rana. In guda ɗaya tak ta gaza, an faɗi jarrabawa. Wasu kuma a riƙa jefa su daga sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili zuwa zafin 150, a dawo da su, sau ɗaruruwa har zuwa dubu. Wasu a turara su da danshi. Babu sanayya, babu "ɗan wane ne", babu maki na alfarma.

Yanzu Bakano ya gyara hula, don shi tun ɗazu tambaya ɗaya ke cin sa: "Ashe ba masana'anta ɗaya ke yin su ba?" Zage-zagi ku daina dariya, wannan karon Bakano ya kama wani abu. Sau da yawa haka ne. Samsung da Micron da SK hynix da Kioxia su ne dai masu yin ta waya, su ne masu yin ta mota, wani lokaci ma da tsari kusan iri ɗaya. Kanwar ja ɗinku ta ɗazu ba ƙarya ce zalla ba. Abin da ake biya shi ne tankaɗe da rairaya: an gwada kowace ɗaya a zafi da sanyi an zubar da masu rauni, an canja kayan rufi da wayoyin ciki inda ya kamata, an ajiye tarihin kowane rukuni ta yadda in wata ta mutu a mota bayan shekara bakwai za a iya gano ranar da aka yi ta da sauran 'yan uwanta. Sannan ga alkawarin ci gaba da ƙera irinta shekara goma ko fiye, alhali ta waya shekara biyu ko uku an yi yayinta an wuce. Kai da ke sayar da shadda a Kwari, ka fi kowa sanin cewa tambari ɗaya ba ya nufin daraja ɗaya.

Sai Bakatsine ya ce, "To zafi mun yarda. Digiri 40 ƙasa da sifili fa? Mu da ko ƙanƙarar firji sai an kawo wuta muke gani, don me za mu biya kuɗin sanyin wasu?" Tambaya mai kyau. Lallai akwai wani ƙauye a arewacin Suwidin, Arjeplog, inda kamfanonin mota ke tururuwa duk hunturu suna tuƙi a kan tafkunan da suka daskare, kuma ba don kai suke yi ba. Amma ɗan'uwa, wace mota kake hawa? 'Yar Kwatano. Wadda ta yi shekara goma tana kwana a waje a ƙanƙarar Kanada ko Jamus, aka loda ta a jirgin ruwa, yau ga ta tana lodi a tashar Daura da fasinja huɗu a baya, biyu a gaba, buhu a but. Da an yi mata memorin sanyi kaɗai, da watan Afrilun farko ta yi sallama da kai. Da an yi mata ta zafi kaɗai, da ba ta rayu har ta iso hannunka ba. Kai ne ma ka fi wanda ya saye ta sabuwa cin riba, don kai ka gaji duka biyun a farashin gwanjo.

Masu cewa memori ba ta mutuwa, ga labarin da ba a teburin mai shayi aka ƙirƙira shi ba. A farkon 2021, bayan matsin lambar hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, kamfanin Tesla ya kira motoci kusan 135,000, samfurin Model S da Model X, su dawo gyara. Dalili? Wata memori mai gigabait 8 a bayan babban allon motar. Irin wannan memori tana da adadin sau nawa za a iya gogewa a sake rubutu a kowane gurbi, wajen sau 3,000, ita kuma motar ba ta daina rubuce-rubuce a ciki ba. Cikin shekara biyar zuwa shida ta ƙare. Allo ya yi duhu, kyamarar ribas ta tafi, maɓallin share hazon gilashi ya tafi, ƙarar sigina ta yi shiru. Aka canja ta da mai gigabait 64. Wannan gajiyar rubutu ce, ba rana ce ta kashe ta ba, amma gurbin da ya gaji da rubutu shi ne ya fi saurin yoyo in ya ji zafi. Motar miliyoyi, abar da ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba ta durƙusar da ita.

Direbobin hamada kuwa, masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, da suka nace wa tsohuwar Land Cruiser mai injin gas wanda famfonsa ba ya neman kwamfuta, ba zan zolaye su ba. Su ba musun ingancin aisi suke yi ba. Lissafinsu shi ne, in abu ya lalace a tsakiyar rairayi, wanne ne sifana za ta iya gyarawa. Wannan hankali ne.

Ku nake zolaya, 'yan birni. Injiniya ya ƙona kaya kwana 41 a tanderu don motarka ta zauna lafiya, kai kuma ranar da ta iso ka kai ta gareji aka cire mata tamostat aka jefar, wai "ba a yi shi don ƙasarmu ba", aka haɗa fanka kai tsaye. Kwamfuta tana ta jiran inji ya kai zafin da aka rubuta mata, bai kai ba, tana ta ƙara mai, kai kana zagin gidan mai. Ranar Juma'a ka kai ta wanki, yaro ya buɗe bonet inji da zafinsa ya saita masa tiyo mai ƙarfi har cikin soket. Mai walda ya ɗana wutarsa a jikin mota ba a cire kan batir ba. Sannan ka je kasuwa ka sayo allon Android mafi arha, mai cike da kayan kwamfutar hannu ta yara, aka huda dashbod aka dasa shi a wurin da rana ta fi duka. Da azahar ya sandare, ka sa ribas sai ka gama fita daga layi sannan hoton baya ya iso. A Amurka, tun Mayun 2018, doka ta ce sabuwar mota ta nuna hoton baya cikin daƙiƙa 2 da sa ribas. Naka sai an yi masa addu'a. In ya mutu kuma ka ce, "Ka gani ko, kayan zamani ba su da ƙarko."

Dillalan mota, na ga kuna sunkuyar da kai, kada ku tafi. Lambar tafiyar da ke fuskar mota ma a memori take, kuma na san akwai masu hannu da ke mai da 280,000 ta koma 95,000 kafin Alhaji ya zo duba kaya. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne a wasu motocin ba wuri ɗaya ake rubuta ta ba. Akwatin giya ko na makulli yana riƙe da nasa lissafin, mai na'ura da ya san aikinsa zai tono shi a gabanku.

Malam Direba, kai ne na ƙarshe, ka daina juya makullin nan. A yawancin motocin da aka yi don kasuwar Amurka, akwatin jakar iska yana da 'yar ma'ajiyar da aka tsara ta tsira ko da batir ya tarwatse. In aka yi karo mai ƙarfi, tana kulle bayanin kimanin daƙiƙa 5 na kafin karon: gudun da kake yi, ko ka taka birki, yadda ka danne totur, ko ka ɗaura bel. Saboda haka ranar da ka fito kana kakkaɓe riga kana cewa "wallahi a kan sittin nake", ka fara tambaya ko mai motar ya san wanda ke da na'urar karanta ta.